Basel ko Vienna: Wace Gasar Tanis Ta Cikin Zaure Ta Cancanci Kuɗinka?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a kudancin Jamus ya kira ni da dare, ya ce: "Kawu, na tara ɗan abin da zan iya tafiya kallon tanis sau ɗaya kafin sanyi ya kama. Basel zan je ko Vienna?" Ya san na shafe shekaru ina bin wannan wasa, har nakan hana kaina barci saboda shi. Na ce masa ya ba ni lokaci in yi tunani, domin tambayar ta fi ƙarfin amsa ta waya. Abin da na tattara masa shi ne nake rubutawa a nan, ko zai amfani wani mai shirin tafiya, ko mai zaune a Kano ko Damagaram da datarsa ba za ta ɗauki gasa biyu ba.

Dalilin da ya sa dole a zaɓa shi ne gasannin biyu rana ɗaya suke farawa, rana ɗaya suke ƙarewa. Tun shekarar 2016 ake buga Swiss Indoors ta Basel a Suwizalan da Erste Bank Open ta Vienna a Ostiriya a mako guda, a ƙarshen Oktoba. Matsayinsu ɗaya a tsarin ATP, hukumar gasannin tanis na maza, wato ATP 500, zakara yana tafiya da maki 500. Kowacce 'yan wasa 32 take ɗauka a ɓangaren ɗaiɗaiku. Su kansu 'yan wasan sai sun zaɓi ɗaya sun bar ɗaya, balle ɗan kallo.

Kafin in shiga tarihi, ya kamata a san abin da ya bambanta tanis na cikin zaure da na waje. A Turai idan Oktoba ta yi nisa, ruwa da sanyi ba sa barin a yi wasa a fili, sai a shimfiɗa filin a cikin babban zaure mai rufi. A can babu iskar da za ta karkatar da ƙwallo, babu ranar da za ta shiga idon mai buga sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi. Inda ka auna nan ƙwallo za ta sauka. Saboda haka mai ƙarfin sabis da mai son kai hari da wuri su ne suke cin moriya, shi kuwa wanda ya saba tsayawa can baya yana jan wasa har abokin karawa ya gaji, sai ya ga lokaci ya ƙure masa. Ƙarar bugun ma dabam take. Ko ta lasifikar waya ka saurara za ka ji raket ya haɗu da ƙwallo kamar an sara icce da gatari, sannan ga kukan takalma a kan fili, rufin zauren yana dawo da shi duka.

Basel ce babba a shekaru. Wani matashi mai suna Roger Brennwald ya kafa ta a 1970, a ƙaramin wuri a Muttenz da ke gefen birnin, kuma shi ne ya ci gaba da riƙe ragamarta fiye da shekara hamsin. A 1975 aka koma St. Jakobshalle, inda take har yau. Bayan shekara biyu Björn Borg ya zo ya ɗauki kofin, daga nan duniya ta san da zaman gasar. Sunayen da suka biyo baya sun isa a yi tunƙaho da su: Guillermo Vilas a 1978, Ivan Lendl wanda ya kayar da Borg a turmi biyar a wasan ƙarshe na 1980, Stefan Edberg sau uku, John McEnroe a 1990, Boris Becker a 1992, Pete Sampras a 1996. Akwai kuma Yannick Noah, wanda ya ci a 1982 da 1987. Mahaifinsa ɗan Kamaru ne, a Yawunde ya tashi, a can Arthur Ashe ya gan shi yana yaro ya yi masa hanyar zuwa Faransa.

Amma duk wannan jerin, mutum ɗaya ya zo ya rufe shi da inuwarsa. Roger Federer haifaffen Basel ne, kuma tun yana yaro ya yi aikin tsintar ƙwallo a wannan gasa. Akwai hoton bidiyo na 1993 da ya yaɗu: Michael Stich ya ci kofi, yana bin layin yaran tsintar ƙwallo yana ba su lambar yabo, ga wani yaro ɗan shekara 12 a cikinsu ya miƙa hannu. Shekara biyar bayan nan yaron ya shigo zauren a matsayin ɗan wasa, Andre Agassi ya sallame shi a zagayen farko. Ya kai wasan ƙarshe a 2000, Thomas Enqvist ya doke shi a turmi biyar. Ya sake kaiwa a 2001, Tim Henman ya hana shi. Sai da ya zama na ɗaya a duniya, ya tara kofunan Wimbledon, kafin kofin garinsu ya shigo hannunsa a 2006. Daga wannan shekara zuwa 2015 bai taɓa rasa kaiwa wasan ƙarshe ba, sau goma a jere. A taƙaice ya buga wasan ƙarshe 15 a Basel, ya ci 10. Waɗanda suka iya ƙwace masa a wannan zamani su ne Novak Djokovic a 2009 da Juan Martín del Potro a 2012 da 2013.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin ba yawan kofunan ba ne. Bayan wasan ƙarshe, Federer yakan sa a kawo fiza, ya zauna a tsakiyar yaran tsintar ƙwallo su ci tare. Mutum ya kai inda ya kai amma bai manta layin da ya taɓa tsayawa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi zai gane darajar wannan. Kuma kofin da ya ci a Basel a 2019, bayan ya doke Alex de Minaur, shi ne na 103 a rayuwarsa, shi ne kuma na ƙarshe. Annobar korona ta hana a yi gasar a 2020 da 2021. Ya yi niyyar dawowa a 2022, gwiwa ta ƙi, ya yi ritaya a watan Satumba, wata guda kafin a buɗe zauren.

To a nan ne matsalar Basel take ga mai sayen tikiti yau. Abin da ya sa sunanta ya cika duniya ya riga ya wuce. Zauren yana nan, tsarin yana nan, amma wanda ake cika wurin dominsa ya ajiye raket.

Vienna ta fara a 1974, a Wiener Stadthalle, zauren da aka buɗe tun 1958. Vitas Gerulaitis ne zakaran farko. Wanda ya fi kowa yawan kofi a can Ba'amurke ne, Brian Gottfried, sau huɗu tsakanin 1977 da 1983, kuma har yau ba a kamo shi ba. Gasar ta sha sauya suna gwargwadon mai ɗaukar nauyi, daga kamfanin Fischer zuwa bankuna daban-daban, har ta tsaya a Erste Bank Open a 2011. Ita ma ta ga manya: Lendl, Agassi a 1994, Becker a 1996, Sampras a 1998, Djokovic a 2007. Shi kansa Federer ya ci Vienna sau biyu, 2002 da 2003, tun kafin ya ci ta garinsu. Na 2002 ya sadaukar da shi ga Peter Carter, kocin da ya raine shi a Basel, wanda ya rasu a haɗarin mota a Afirka ta Kudu watanni biyu kafin nan.

Idan tarihin Basel labarin ɗan gida ne da ya yi ta ci, na Vienna labarin ɗan gida ne da ya yi ta nema bai samu ba. Thomas Muster shi ne gwarzon Ostiriya na farko a tanis, ya ci Roland Garros, babbar gasar Faransa, a 1995, ya hau matsayi na ɗaya a duniya a 1996. Sau uku yana kai wasan ƙarshe a Vienna, sau uku ana doke shi a gaban mutanensa. A 1988 ɗan ƙasarsu Horst Skoff ne ya kayar da shi. A 1993 Goran Ivanišević. Na 1995 ya fi ciwo, domin a shekarar da yake kan ganiyarsa ne, kuma wanda ya doke shi, Filip Dewulf na Beljiyam, ta wasannin share fage ya shigo gasar. Jürgen Melzer ya ɗan share wa 'yan Ostiriya hawaye a 2009 da 2010. Sannan a 2011 aka ga abin da ko marubucin labari zai yi shakkar ƙirƙira: Muster, yana da shekara 44, ya dawo ya buga wasansa na ban kwana a Stadthalle, aka haɗa shi da wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Dominic Thiem. Yaron ya ci, kuma ita ce nasararsa ta farko a babbar gasar ATP. Shekara takwas bayan haka Thiem ya ɗaga kofin da Muster ya kasa, bayan ya faɗi turmin farko a hannun Diego Schwartzman ya farfaɗo. Ya ci US Open a 2020, ciwon wuyan hannu ya karya masa ƙarfi, a 2024 ya dawo wannan zaure dai ya buga wasansa na ƙarshe yana ɗan shekara 31. Inda ya fara nan ya ƙare. Ni dai wannan labari ya fi kama zuciyata a kan na Basel, domin akwai rashi a cikinsa, akwai haƙuri, kuma ba mutum ɗaya ya mallake shi ba.

Matsayin gasannin biyu ma ya yi ta musanya. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2008 Vienna ce a mataki na sama. Da ATP ta sake tsari a 2009, Basel ta hau 500, Vienna ta sauka 250. A lokacin ba mako ɗaya suke ba, shi ya sa del Potro ya iya cin Vienna a 2012, mako na zagayowa ya ci Basel. A 2015 Vienna ta karɓi gurbin da Valencia take riƙe da shi ta dawo 500, a 2016 kuma ta faɗo cikin makon Basel. Tun daga nan aka fara kokawar jan 'yan wasa.

Kuma a wannan kokawa, gaskiya Vienna ce ke kan gaba a 'yan shekarun nan. A duba waɗanda suka ci: Andy Murray a 2016 yana kan hanyarsa ta zama na ɗaya a duniya, Andrey Rublev a 2020, Alexander Zverev a 2021, Daniil Medvedev a 2022, Jannik Sinner a 2023, Jack Draper a 2024, Sinner kuma a 2025. Ba ta tsaya ba ko a shekarar korona, kuma a 2020 ɗin ne Lorenzo Sonego, wanda ya faɗi a share fage aka kira shi ya cike gurbi, ya lallasa Djokovic 6-2, 6-1. Wasan ƙarshe na 2023 tsakanin Sinner da Medvedev ya ɗan haura awa uku, kuma wanda ya kalle shi ya san ba a rage komai ba. Na 2025 ma turmi uku aka yi, Zverev ya ɗauki na farko, Sinner ya ƙwace sauran biyun. Sinner ɗan Italiya ne, amma daga Kudancin Tirol da ke kan iyakar Ostiriya, da Jamusanci ya tashi, don haka 'yan kallon Vienna kusan nasu suke ɗaukarsa.

Basel kuwa bayan Federer ta zama wani abu dabam, kuma ba na raina shi. Ta zama wurin da matashi yake fitowa ya nuna kansa. Félix Auger-Aliassime na Kanada, wanda mahaifinsa ɗan Togo ne, ya ci a 2022 bayan ya doke Carlos Alcaraz da ke matsayi na ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe. Kofinsa na uku ke nan cikin mako uku, bayan Florence da Antwerp, kuma ya kare kofin Basel a 2023. A 2024 sai ga Giovanni Mpetshi Perricard, Bafaranshe mai tsawon fiye da mita biyu wanda mahaifinsa ya fito daga Kwango, ya zo da sabis ɗin da ba a iya tarewa ya doke Ben Shelton. A 2025 João Fonseca na Barazil ya ɗauka yana ɗan shekara 19. Mai son ya ce "na gan shi tun kafin ya zama wani", Basel ta fi ba shi wannan dama. Mai son ganin jinin Afirka ya ɗaga kofi ma yana da tarihi a can, daga Noah zuwa waɗannan biyun, ga Wayne Ferreira na Afirka ta Kudu a 1994. Vienna ba ta rasa nata ba: Jo-Wilfried Tsonga a 2011, Kevin Anderson a 2018, da Frances Tiafoe, ɗan iyayen da suka fito daga Saliyo, wanda ya kai wasan ƙarshe a 2021.

Akwai wani abu da gasannin biyu suke tarayya a kai, wanda ya sa makon yake da zafi. Saura mako biyu zuwa uku a tafi gasar ƙarshen shekara ta gwanaye takwas, wadda ake yi a Turin tun 2021, kuma bayan Basel da Vienna babbar gasar da ta rage ita ce ta Paris. Wanda yake na bakwai ko na tara ko na goma a lissafin shekara, maki 500 na iya zama tikitinsa. Shi ya sa nake ba da shawara a jira jerin sunayen da kowace gasa ke fitarwa kafin a yanke hukunci, a duba inda masu neman gurbin Turin suka fi taruwa. Waɗannan su ne suke wasa kamar ransu na kai. Sai dai a sani, ƙarshen shekara ne, jiki ya gaji, suna yana iya fitowa a jeri mai shi ya janye ana gobe za a fara. Kada a sayi tikiti saboda mutum ɗaya.

Sai maganar aljihu, wadda ga ɗalibi ita ce uwa. Suwizalan da kuɗinta na faran take aiki, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi tsada a duniya. Abinci, masauki, ko shayi da burodi, duk sai ka ji a jikinka. Ostiriya yuro take amfani da shi, kuma Vienna babban birni ce mai masauki iri-iri. Duka ƙasashen suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta isa. Basel tana da dabararta: birnin yana daidai inda Suwizalan da Jamus da Faransa suka haɗu, har filin jirginta a ƙasar Faransa yake. Mutum na iya kwana a Weil am Rhein ta ɓangaren Jamus ko Saint-Louis ta ɓangaren Faransa, ya shigo da jirgin ƙasa na cikin gari, domin layi na 8 da na 3 suna ƙetare iyaka. Layi na 14 kuma shi ke kai ka St. Jakob. Wanda ya kwana a otal a cikin Basel ana ba shi katin hawa motocin gari kyauta. A Vienna jirgin ƙasa na U6 yana ajiye ka a tashar Burggasse-Stadthalle, ka ɗan taka kaɗan ka isa zauren.

Ga Musulmi, Vienna ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba nisa da zauren akwai kasuwar Brunnenmarkt a unguwar Ottakring, cike da shagunan Turkawa da Larabawa, naman halal da gurasa ba sa wuyar samu, kuma da araha. Akwai babban masallaci a Floridsdorf kusa da kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokance tun 1912. Basel ma tana da masallatai da wuraren cin halal, sai dai ƙaramin gari ne, zaɓin bai kai ba.

Wanda zai kalla daga gida kuma, ga wani ɗan sauƙi. A farkon makon agogon ƙasashen biyu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, amma Turai takan mayar da agogonta baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wadda sau da yawa ita ce ranar wasan ƙarshe. A 2023 da 2024 da 2025 duk haka aka yi. Ranar nan lokacinsu da namu ɗaya ne, kada a yi kuskuren ƙara awa a makara. Manhajar Tennis TV ta ATP tana nuna duka gasannin ga mai biyan kuɗi, don haka a gida zaɓin na data ne da lokaci. Shawarata a nan ita ce a bi Vienna daga ranar Juma'a zuwa Lahadi, lokacin da manya suke fara haɗuwa da juna, a leƙa Basel a farkon mako don ganin sababbin fuskoki.

Na kira ɗan ƙanwata bayan kwana biyu na ce masa Vienna. Na ce ya nemi tikitin ranar Juma'a, ranar da saura mutum takwas, domin zai ga wasa huɗu maimakon ɗaya, kuma kuɗin yawanci bai kai na Lahadi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Kawu, amma fa ni saboda Federer na fara son wasan nan." Na ce masa to wannan wata magana ce. Idan abin da yake so shi ne ya tsaya a zauren da yaron nan ya tsinci ƙwallo ya kuma ɗaga kofi goma, babu wani jerin sunaye da zai maye masa gurbin haka, ya tafi Basel, ya kwana a Weil am Rhein, ya riƙe abincinsa a jaka. Idan kuwa tanis mafi zafi yake son gani da idonsa, da kuɗin da ya tara daga aikin hutu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Vienna. Ya ce zai jira jerin sunayen ya fito tukuna.